Itacen Jegon Wasila

Shekarar da ake shimfiɗa ƙarafan hanyar jirgi zuwa Gusau, Wasila ɗiyar ƙanena Bawa ta koma gidansu a Karakkai goyon ciki. Ta haifi ɗa namiji a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum ya watse bai zubar da ko ɗigo ba, mutum yana zaune a inuwa zufa na bin bayansa. Mijinta Hamidu mutumin Tsafe ne, mai jakai, yana ɗaukar wa fatake auduga da gyaɗa. Yaro ne mai hankali. Yana son matarsa, kuma hanya ɗaya tak aka koya masa ta nuna haka, wato itace.

A wajenmu da tulin itacen jego ake auna miji. Mata in za su rijiya sai sun rage tafiya sun dubi abin da aka jibge a ƙofar gidan mai jego, kafin su kai bakin rijiya an gama yanke wa mijin hukunci. Hamidu ya tara marke da ƙirya har tulin ya ɗara danga tsawo. Ya haɗa da kanwa ungurnu, dunƙule guda da sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Kulu, uwar Wasila, ta daina takawa a ƙasa don murna.

Ni ina Bunguɗu, ina karantar da matan aure a gidana. Na je suna na dawo, yarinya lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki wata mai tallan daddawa ta ce mini, "Malama, ɗiyarku ta yi ƙiba abin sha'awa, awarwaro ma ya ƙi fita daga hannunta." Ta faɗa ne don in ji daɗi. Na ɗauki mayafina na kama hanya.

Hayaƙi na fara gani kafin gidan. A tsakar gida an ɗora ƙatuwar tukunya tana tafarfasa da ganyen runhu. A ɗaki kuma an hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, an sauke asabari don kada iska ta shiga. Wasila na zaune a kan gadon ta jingina da bango, baki a buɗe, tana jan numfashi kamar wadda ta hau dutse da tulu a kai.

Kulu ta tare ni da fara'a. Da yake Wasila ce 'yar farinta, ba ta kiran sunanta.

"Sannu da zuwa, Yaya. Kin ga yarinyar nan yadda ta ciko? Ko ni ban yi jego irin wanga ba."

Na zauna a bakin gadon, na zabura na miƙe, don ya ƙona ni ta cikin zane. Na kama ƙafar Wasila na danna babban yatsana a ƙwaurinta. Na ɗaga, rami ya tsaya bai koma ba.

"Kulu, zo ki gani. Wace irin ƙiba ce ake dangwala mata yatsa ta bar rami awa tuwo?"

Ta duba. "To sanyi ne ya shige ta. Dama na ce wutar ba ta isa ba."

Sanyi! A watan da kaji ke yawo da baki a buɗe.

Na ce, "Wasila, kina barci?"

"A zaune, Gwaggo. In na kwanta sai in ji awa an tura kaina cikin randa." Ta tsaya ta yi tari. "Ki ce wa Inna ba raki nika yi ba."

Na ɗora kunnena a ƙirjinta. Zuciyar na gudu, ta yi tuntuɓe, ta ci gaba da gudu, kamar jaki mai ɗingishi da ake kora da sanda. Jijiyar wuyanta ta miƙe tana harbawa, ana ganinta daga bakin ƙofa.

Ni ba likita ba ce. Abin da na karanta a littattafan ɗibbu, wato na magani, na mahaifina kaɗan ne, rabinsa ma ban yarda da shi ba. Amma ni ake kira in mace ta rasu a Bunguɗu da ƙauyukanta, ni ke wankan. Na sha wanke 'yan mata masu jini a jika da suka tafi ba su cika arba'in ba, ƙafafu a kumbure, ciki ya tashi kamar ba su haihu ba. Kullum maganar ɗaya ce, sanyi ya kama ta. Kullum kuma in na fito sai in ga ragowar itace a ƙofar gida mai yawa. Gidan da miji ya gaza, aka yi ta zaginsa, aka yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba kasafai ake kirana can ba. Kuma na ga yadda makiyaya ke ba shanu kanwa, shanun su wuni a bakin ruwa suna sha. Jikin da aka ɗura wa kanwa safe da yamma, ya sha ruwa ya riƙe, sannan aka gasa shi a kan wuta, wace zuciya za ta ja wannan kaya? Balle wadda ta gama ɗaukar ciki wata tara.

Na faɗa wa Kulu haka, a hankali, da lallashi. Na ce a kashe wutar gado, a ɗaga asabari, a sirka ruwan wanka, a bar kunun kanwa, a rage gishiri a romo.

Ta dube ni kamar na ce a yar da jaririn a bola.

"Uwata ta yi mini, uwarta ta yi mata. Ga ni tsaye, haihuwa bakwai. Na mutu?"

"Ke ba ki mutu ba. Waɗanda sunka mutu ba su nan balle su faɗi nasu."

"Kwanansu ne ya ƙare."

"Na yarda. To mi ya sa kike janye yaro daga bakin rijiya? Ki bar shi mana, in kwanansa bai ƙare ba ya fito."

"Yaya, karatu daban, jego daban. Ke kin san allo, ni na san tukunya."

Na fita wurin Bawa, yana gindin bedi yana gyara ƙotar fartanya. Ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai, sai na ɗauka ya fahimta.

"Gaskiyarki, Yaya," in ji shi. "Amma maganar mata ce."

"Ɗiyarka ce."

"Ƙwarai. Shi ya sa na bar ta hannun uwarta."

Haka ƙanena yake tun yana yaro. Ya ba ka gaskiya, ya ci gaba da abin da yake yi.

Na zauna a gidan. Na gwada dabara, in an kawo kunu in karɓa in ce zan fifita mata, in zubar da rabi a bayan ɗaki. Kaji suka tona ni, suka taru a wurin suna tsattsaga. Kulu ta gani, ta dama wani ta ƙara kanwa, ta tsaya a kan yarinyar har ta shanye. Wasila ta sha tana kallona ta saman ƙwarya. Me za ta yi? Uwarta ce.

Washegari aka kira wanzami ya yi mata tsaga a ƙafafu, wai sanyin ya fita. Ruwa ya yi ta tsatsafowa, mata suka yi ta hamdala, ga sanyi nan yana fita. Kafin la'asar tarin ya ƙaru, abin da take tofarwa ya koma kumfa. Aka fito da ita wanka, mata biyu na riƙe da ita, tsakanin ɗaki da makewayi ta tsaya hutawa ya fi sau nawa. Kulu ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata a baya tana cewa, "Daure, daure, shi ne maganin." Kuma kuka take yi tana faɗa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita.

An ce akwai likitan Nasara a Zariya. Wa zai ɗora mai jego a jaki zuwa Zariya? Ko an yarda ma, ba za ta kai Gusau ba.

Ranar kasuwar Bunguɗu da hantsi sai ga Hamidu da jakai, an labta musu sabon itace. Ya sauke, ya shiga zaure ya zauna a takure, kai a sunkuye, yadda suruki ke zama. Tun ranar suna bai sa matarsa a ido ba. Ba ya shiga cikin gida, surukarsa ba ta fitowa, gaisuwa ta bayan danga ake yi. Ya tambayi mai jiki, Kulu ta amsa daga ciki, "Da sauƙi." Ya ji daɗi.

Na fito na same shi.

"Gwaggo, ina wuni. Kin ga na ƙaro. A Gusau leburorin hanyar jirgi sun so su saye shi a hanya, na ce ko kusa, na mai ɗakina ne."

"Sannu da ƙoƙari. Hamidu, kana son ka koma Tsafe da mata, ko da yabo?"

Ya ɗago kai. "Ban gane ba, Gwaggo."

"Tashi ka biyo ni."

Na zagaya da shi bayan gida, inda dangar kara ta yi ɓaraka kusa da makewayi. Ya tirje, ya ce ba ya leƙen gidan surukai. Na ce matarka ce, ba matar liman ba, sa idonka. Lokacin ake fito da ita. Ya ga ƙafafun, ya ga fuskar, ya ji numfashin, don daga inda muke ana jinsa. Ya ga ta tsaya ta dafa turmi, jaririnta na kuka a ɗaki ta kasa ko waiwayawa.

Ya ja da baya ya zauna a ƙasa.

"An ce mini da sauƙi."

"Haka ake cewa har ranar da za a aiko maka."

Na gaya masa abin da na gaya wa Kulu. Ban ɓoye masa ba, na ce ban da tabbacin za ta tashi ko an daina. Abin da na tabbata shi ne in ba a daina ba, ni zan wanke ta.

"To ki faɗa wa Inna."

"Na faɗa har bakina ya gaji. Kai ka faɗa mata."

"Ni? In dubi Inna in ce ta kashe wuta? Gwaggo, ko sunanta ban iya riƙewa a baki."

"Na sani. Itacen can na wane ne?"

"Nawa ne. Wato... na kawo musu."

"Wanda ya ƙone nasu ne. Wanda bai ƙone ba fa?"

Ya gane. Na ga fuskarsa ta canza, ba don daɗi ba.

"Gwaggo, kin san abin da za a ce? Har Tsafe sai an ji. Babana shi fita masallaci a nuna shi, a ce ga uban wanda ya kwashe itacen jegon matarsa ya kai kasuwa. Ƙannena ba su yi aure ba. Wa zai ba gidanmu mata?"

"Za a faɗa. Ba zan ce maka ba za a faɗa ba. Kuma ba ranar da za su gane su ba ka haƙuri, kada ka sa rai."

Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Can cikin gida muka ji tarin ya sake tashi, ya ƙi tsayawa. Ya miƙe ya kaɗe wandonsa.

Da rana tsaka, kowa na gani, Hamidu ya mayar wa jakansa itacen da ya sauke. Ya tafi da shi bayan gari ya jibge, ya dawo ya ɗebi na da. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya da tuluna a ka. Dunƙulen kanwar yana cikin zaure inda ake ɓantara, shi ma ya naɗe shi a buhu.

Labari ya shiga ciki. Kulu ta taho da gudu har bakin zaure, sai ta tsaya cak. Ba ta iya fitowa ta tsaya gaban surukinta, kamar yadda shi ma ba ya iya tsayawa gabanta. Wannan kunya da ta hana shi ganin matarsa, yau ita ta ɗaure wa Kulu ƙafa. Ta koma bayan danga ta fara yi wa jakin magana.

"Kai jaki! Ina za ka da itacen mutane? Wanda ya aiko ka bai gaya maka akwai mai jego a gidan ga ba?"

Hamidu ya ci gaba da ɗaure igiya, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

"Jakin Tsafe! Dama an ce mini ku ba ku san mutunci ba, ban yarda ba. Ka gaya wa ubangijinka Allah na gani!"

Ya durƙusa ya fuskanci dangar, ya ce, "Inna, a yi haƙuri." Iyakar abin da ya iya ke nan. Ya kora jakansa ya nufi Gusau.

Bawa ya zo ya tsaya inda tulin yake a da, ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Yaya, hannunki na ciki."

"Har kafaɗa."

"Bai kyautu ba," in ji shi, ya ɗauki fartanyarsa.

Na san maƙwabta za su kawo gudummawa, sun kuwa kawo. Amma Kulu ta mayar. Ta ce ba za a ce ɗiyarta ta yi jego da itacen roƙo ba alhali mijinta na raye. Girman kan da ya dame ni kwana da kwanaki, ranar ya yi mini aiki. Bayan haka ruwan shuka ya sauka, kowa ya watse gona, ba mai lokacin shiga daji. Abin da ya rage sai kara da ƙirare, su kuwa ba su wuce su ɗumama ruwa ba. Gadon ƙasa ya huce. Na ɗage asabari, Kulu ta sauke, na ɗage, ta sauke, har ta gaji.

Kanwa kam ba ta wuyar samu, ko wace tsohuwa tana da ɗan ƙulli. Da yamma Kulu ta shigo da ƙwarya tana turiri.

"Karɓi ki sha. In mijinki ya yar da ke, ni ban yar da ke ba."

Wasila ta dubi ƙwaryar. Ta ji duk abin da ya faru, ɗakin ba shi da nisa da danga.

"Inna, ba ni sha."

"Mi kika ce?"

"In na sha ƙirjina cika yake." Ta huta. "Ya zubar da mutuncinsa a titi saboda ni. Ba ni mayar da shi banza."

"Gwaggonki ta hure miki kunne."

"Ba kunne ke mini ciwo ba, Inna."

Kulu ta ajiye ƙwaryar da ƙarfi har ta fantsama, ta fita. Ta daina yi mini magana, sai dai ta ce wa kaza a gaya wa masu karatu tuwo ya sauka. Na ci tuwona. Na karɓi girkin Wasila, kunun gero zalla, romo ba gishiri sosai, ruwa kaɗan-kaɗan. Na tara mata matasai a baya ta yadda za ta kishingiɗa kanta a sama. Na hana ta ɗaga komai in ba jaririnta ba, shi ma miƙa mata ake yi.

Ba a kwana ɗaya ta tashi ba, kada wani ya ɗauka haka. Kwanakin farko har na fara shakkar kaina, don tarin bai ragu ba, Kulu kuwa tana bina da ido, tana jira. Akwai ranar da leɓɓan Wasila suka yi duhu, na zauna ina karanta mata abin da ya sauwaƙa, ina tunanin da wane ido zan dubi Hamidu. Sannan ta fara yawan fita fitsari. Fatar ƙafarta ta yi yaushi ta tattare. Wata safiya na tarar ta cinye abin da aka ba ta tana tambayar ƙari.

Matan unguwa suka zo dubiya, suka ga ta zabge.

"Wayyo, ta rame! Ai dole, jego ba wuta."

Da wa zan fara gardama a cikinsu?

Da aka ga ta miƙe tana zagaya tsakar gida, sai bayani ya sauya. Kulu ta ce wutar farko ce ta riga ta kori sanyin, Allah ya sa ta yi da gaske tun kafin a yi musu ɓarna. Wanzami ya ce tsagarsa ce. Bawa ya ce dukkanmu muna da gaskiya. Ni dai abin da na sani, an daina abu, yarinya ta daina nutsewa. Ko da an daina tun farko da ba ta kamu ba, wannan Allah ya sani, amma haka nake zato.

Ba ta koma yadda take ba. Daka kaɗan sai ta dafa taɓarya ta huta. In na sa kunne har yanzu zuciyar tana da ɗan tuntuɓenta.

Da arba'in ta cika Hamidu ya zo ɗaukarta. Ya rame shi ma. A Tsafe an sa masa suna Kwashe-kwashe, yara na binsa da shi, babansa ya yi kwanaki bai amsa gaisuwarsa ba. Na ja su gefe su biyu, na ajiye kunya, na ce kada a yi gaggawar yaye, kada a yi gaggawar wani cikin, wannan zuciyar ba ta gama hutawa ba. Ban da surfe, ban da ɗaukar tulu daga rafi. In Allah ya kawo wata haihuwar, gidana za ta zo a Bunguɗu, duk mai magana ya same ni can. Hamidu ya ce to, kansa a ƙasa. Wasila ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Kulu ta yi sallama da ɗiyarta a cikin gida. Ga surukinta kuwa ko ta bakin jaki ba ta aika komai ba.

Na raka su bakin gari. Wasila na kan jaki da goyo, Hamidu na riƙe da igiya. A bakin rijiya mata sun taru, wata mai ƙaton baki, wai ita Rakiya, ta ɗaga murya.

"A sauka lafiya, matar Kwashe-kwashe! In kin sake haihuwa ki taho da itacenki a ka!"

Suka kwashe da dariya. Hamidu ya ƙara sauri. Wasila ta ce masa ya tsaya. Ta sauko a hankali, ta gyara goyonta, ta karɓi igiyar daga hannunsa.

"Na gode, Inna Rakiya," ta ce. "A gaida gida."

Ta ja jakin da kanta ta wuce ta gabansu, Hamidu na biye yana cewa ta hau, ta hau. Ta kai gindin kukar da ke kan hanyar Gusau ta tsaya, ta dafa itacen tana maida numfashi. Na ɗauka can za ta hau. Sai na ga ta saki itacen ta ci gaba da tafiya da ƙafarta.